Lambobin Da Ke Jikin Manhajar Wayarki

  

Yau za mu yi magana ne a kan wani abu da yake hannun kusan kowaccenmu, amma ba kasafai muke kula da shi ba. Wato 'yan lambobin nan da ake liƙa wa manhajar waya, irin su Android 11, ko Android 14, ko kuwa wata doguwar lamba mai ɗigo-ɗigo da kike gani idan wayar ta ce ki sabunta WhatsApp. Da yawanmu mun ɗauka wannan harkar masu gyaran waya ce. To, uwargida, ki gyara zama, domin maganar ta shafi aljihunki.

Ke da kike cikin gida, wayar nan ita ce kasuwarki. Da ita kike tura hoton turaren wuta da humra da zannuwan gado, da ita mai sayen cincin take yi miki magana, ta cikinta kuɗi suke shigowa, da ita kuma kike jin muryar mahaifiyarki da ke wani gari. Amma ranar sayen waya ba ke kike zuwa kasuwa ba, aike kike yi. Ba za ki taɓa ba, ba za ki juya ta ki duba ba. Abin da za ki iya yi daga ɗakinki shi ne ki faɗa wa ɗan aike lambar da zai tambaya. Wannan lamba ita ce take gaya miki shekarun abin da ke cikin wayar, da kuma ko za ta daɗe tana yi miki aiki.

Bari mu fara daga tushe. Waya kashi biyu ce. Akwai gangar jikinta, wato gilashi da batir da abin da kike riƙewa a hannu. Akwai kuma manhaja, wato umarnin da aka rubuta aka zuba a ciki, wanda shi ne yake sa wayar ta san abin da za ta yi idan kin taɓa ta. Ita ma manhajar iri biyu ce. Akwai babba, wadda take riƙe da wayar gaba ɗaya. A wayoyin Tecno da Infinix da Samsung da mafi yawan masu gilashin shafawa, sunanta Android, kuma kamfanin Google na Amurka ne yake kula da ita. A iPhone kuwa sunanta iOS, ta kamfanin Apple. Sai ƙanana, irin su WhatsApp da Facebook da manhajar bankinki. Ki ɗauki babbar a matsayin ginin gida, ƙananan kuma kayan da aka jera a ciki.

Ita manhaja ba a gama ta. Ana fitar da ita, mutane su yi ta amfani, a gano kuskure a gyara, a ƙara wani abu, a sake fitarwa. Kamar dai littafin makarantar yara ne da za ki ga an rubuta bugu na biyu ko bugu na uku a jikinsa. Sai dai littafi yakan yi shekaru kafin a sake buga shi, manhaja kuwa cikin 'yan makonni ake sake fitar da wata. Da ba a sa wa kowace fitowa lamba ba, da ko su masu rubutawar ba za su san wacce ce a wayar wa ba.

To, yaya ake karanta lambar? Hanyar da masu rubuta manhaja suka fi bi ita ce lamba uku da ɗigo a tsakaninsu, misali 3.2.1. Wani Ba'amurke mai suna Tom Preston-Werner ya tsara ƙa'idojinta a rubuce, mutane da yawa kuma suka karɓa. Kowace lamba da aikinta.

Ta farko, ta hannun hagu, ita ce babba. Idan ta canja, daga 3 ta koma 4, an yi babban sauyi ke nan, kamar an rushe sashen gida an sake gini. Mai yiwuwa tsohon gado ba zai shiga ta sabuwar ƙofa ba. Ma'ana, wasu abubuwan da suke aiki da tsohuwar ba lallai su yi da sabuwar ba.

Ta tsakiya idan ta canja, ƙari aka yi ba tare da an taɓa abin da ke nan ba, kamar maigida ya ƙara rumfa a tsakar gida. Komai yana inda kika san shi, sai dai an samu sabon abu.

Ta ƙarshe kuwa ta gyara ce, kamar yaɓen da ake yi wa soro kafin damina. Ba za ki ga wani sabon abu ba, amma an toshe inda yake yoyo.

Akwai ƙa'ida biyu da za ki riƙe. Ta ɗaya, duk lokacin da lambar hagu ta hau, na damanta sukan koma sifili. Saboda haka 4.0.0 ta fi 3.9.8 sabunta, ko da yake idonki zai fi ganin tara da takwas. Ta biyu, ɗigon nan ba irin na lissafin makaranta ba ne, shinge ne kawai tsakanin lamba da lamba. Idan an tashi daga 1.9 sai a tafi 1.10, wato ɗaya da goma, kuma ita ce sabuwa. Idan za ki gwada biyu, ki fara daga hagu. Idan na farko sun zo daidai ki duba na biyu, idan su ma daidai ne ki duba na uku.

Amma fa ba kowane kamfani ne yake bin wannan tsari ba. Wasu da shekara suke ƙirga. WhatsApp ɗin da ke wayar Android yana cikinsu. Lambarsa takan fara da 2, sai lamba ta biyu ta nuna shekarar da aka fitar da shi. Wanda ya fara da 2.23 na shekarar 2023 ne, mai 2.25 kuma na 2025. Kin ga ke nan da kallo ɗaya za ki san ko naki ya kwana biyu ba a sabunta shi ba. Kamfanin Apple ma ya koma wannan hanya a 2025. Daga iOS 18 bai je 19 ba, sai ya yi tsalle zuwa 26, domin lambar ta dace da shekarar 2026. Wadda ba ta sani ba sai ta zaci fitowa bakwai ta wuce ta, alhali ko ɗaya ba ta wuce ta ba. Masu kwamfuta a gida ma sun san irin wannan a Windows: an yi 95 da 98 da sunan shekara, aka zo aka yi XP da Vista, sannan 7 da 8, aka tsallake 9 aka tafi 10 a 2015, sai 11 a 2021.

Yanzu mu zo kan wadda ta fi shafarmu, wato Android. Ta fara fitowa a 2008. Daga 2009 sai Google ya riƙa raɗa wa kowace fitowa sunan kayan zaƙi, yana bin jerin baƙaƙen boko. An yi Cupcake, an yi Donut, aka yi ta tafiya har KitKat a 2013, Lollipop a 2014, Oreo a 2017, da Pie a 2018. Da a wajenmu aka yi abin, da sai ki ji an ce Alkaki, Bakilawa, Cincin, Dubulan, kamar ana lissafin gara. A 2019 kamfanin ya daina tallata waɗannan sunaye, ya ce mutane da yawa a duniya ba su san irin waɗannan ciye-ciye ba, kuma ba kowa ne zai gane wanne ya riga wanne ba. Daga nan aka tsaya a kan lamba zalla, aka fara da Android 10.

Ga wata 'yar dabara da za ta sauƙaƙa miki. Daga Android 5 har zuwa Android 16, idan kin ƙara tara a kan lambar, za ki samu shekarar da ta fito. Android 5, ƙara tara, 14, wato 2014. Android 8 ta 2017 ce. Android 11 ta 2020, Android 13 ta 2022, Android 16 kuma ta 2025. Saboda haka idan an kawo miki waya tana ƙyalli a cikin kwali aka ce sabuwa ce fil, kika duba kika ga Android 9, to abin da ke cikinta na 2018 ne, komai kyan murfinta.

Wata za ta ce, to mene ne a ciki idan ta tsufa, tunda tana aiki? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta biyu ce.

Ta farko, ƙananan manhajoji suna da iyakar tsufan da za su iya zama da shi. Kowace shekara masu rubuta su suna duba tsofaffin wayoyi su ce daga nan mun tsaya. Waɗanda suka riƙe BlackBerry za su tuna WhatsApp ya daina aiki a kanta a ƙarshen 2017, ƙananan wayoyin Nokia irin su Asha kuma a ƙarshen 2018. Ranar 24 ga Oktoba 2023 ya bar duk wayar da ba ta kai Android 5 ba. A 2025 ya bar iPhone 5s da 6 da 6 Plus. Wayoyin nan ba su fashe ba, ba su faɗa ruwa ba, suna kira suna amsawa, amma ƙofar kasuwa ta rufe a kansu. Manhajojin banki ma suna da tasu iyakar, kuma ita iyakar hawa take yi, ba ta sauka. Wadda ta tara kuɗin adashe ta sayi wayar da take dab da wannan iyaka, ta sayi abin da kwanansa ya kusa ƙarewa.

Amsa ta biyu ita ce tsaro. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Manhaja ma tana tsagewa, kuma akwai mutanen da ba su da aiki sai neman tsagar. A watan Mayu na 2019 aka gano wata ɓaraka a WhatsApp, wadda ta cikinta ake iya cusa wa mutum manhajar leƙen asiri da kira kawai, ko da bai ɗauka ba. Kamfanin ya ce an kai wa mutum kusan 1,400 hari ta wannan hanya, cikinsu har da 'yan jarida da masu kare haƙƙin jama'a. Gyaran ya zo wa masu Android a fitowa mai lamba 2.19.134. Wanda ya sabunta bai ga wani sabon abu a fuskar wayarsa ba, lambar ƙarshe ce kawai ta motsa. Amma mai tsohuwar lamba ƙofarsa a buɗe take, mai sabuwar kuma an sa masa sakata. Don haka kada ki raina 'yar lambar ƙarshen nan, ki ce ai ba abin da ya canja. Sau da yawa ita ce mai gadin hotunanki da hirarki da kuɗinki.

Ita kanta Android, ban da babbar lambarta, tana da kwanan wata na gyaran tsaro. Tun 2015 Google yake fitar da irin wannan gyara a kai a kai, amma sai kamfanin da ya ƙera wayarki ya ɗauka ya turo miki. A nan wayoyi suka bambanta. Google a 2023 da Samsung a 2024 sun yi alkawarin shekara bakwai na sabuntawa ga manyan wayoyinsu masu tsada. Masu sauƙin kuɗi irin waɗanda muka fi riƙewa ba su kan samu haka ba, wasu ma da lambar da suka zo da ita suke tsufa. Shi ya sa lambar da kika saya da ita take da muhimmanci tun ranar farko.

To, a nan sai na ja hankalinki, domin lamba ma ana yaudara da ita.

Na ɗaya, lambar da ke cikin sunan waya daban, lambar Android daban. Idan an ce Spark 10 ko Hot 30, wannan sunan samfurin ne da kamfani ya raɗa, ba ya nufin Android 10 ko 30.

Na biyu, kamfanonin waya sukan yi wa Android ado nasu, su ba shi suna da lamba. Na Tecno sunansa HiOS, na Infinix XOS, na Samsung One UI. Wannan kamar labule ne da fenti a kan gini. Idan mai shago ya karanto miki lambar HiOS, ki ce kin ji, amma ta Android kike tambaya.

Na uku, girman lamba ba shi ne inganci ba, kuma ba a gwada lambar manhaja da ta wata manhaja. Chrome, wadda ake shiga intanet da ita, ta kai lamba 100 a 2022, saboda a lokacin duk mako huɗu ake ƙara mata ɗaya. Wannan bai sa ta fi WhatsApp mai farawa da 2 ba. Kowane gida da irin ƙirgarsa.

Na huɗu, idan kin ga kalmar beta a jikin manhaja, ta gwaji ce. Kamar miya ce da ba a sauke ba, ana ɗanɗana gishiri. Tana iya zuwa da sabon abu kafin kowa ya samu, tana kuma iya tsayawa cak ana tsakiyar ciniki. Wayar sana'a ba wurin gwaji ba ce.

Na biyar, kuma shi ya fi yawa a tsakaninmu, shi ne irin su GB WhatsApp da yara suke tura wa juna, a ce ya fi na ainihi, lambarsa ma ta fi girma. Waɗannan ba daga kamfanin WhatsApp suka fito ba. Wanda ya haɗa su shi ya sa lambar da ya ga dama, kuma ba wanda zai ba ki tabbacin abin da ya cusa a ciki. Kamfanin da kansa ya yi gargaɗi cewa yana iya rufe lambar mai amfani da su. Ki tuna duk masu sayen kayanki a wannan layin suka san ki.

Yanzu yaya za ki duba taki? Ki shiga wurin saitin waya, mai hoto kamar haƙoran inji, inda aka rubuta “Settings”. Ki nemi “About phone” ko “My phone”, a wasu wayoyin yana can ƙasa, a wasu yana sama. A ciki za ki ga “Android version” da lamba a gefensa. Idan kin taɓa wurin, yawanci za ki ga kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe. Don ganin lambar WhatsApp kuwa, a cikin saitin nan ki shiga “Apps”, ki taɓa WhatsApp, ki gangara ƙasa. Idan boko bai zauna miki ba, ba abin kunya ba ne, ki sa ɗiyarki 'yar makaranta ta nuna miki sau ɗaya. Lamba ce kawai, kuma mace mai lissafin adashe da ka ba ta da matsala da lamba.

Ranar da za a sayo miki waya, sabuwa ko ta hannu, ki gaya wa maigida ko ƙaninki ya kunna ta a gaban mai shago, ya karanto miki lambar Android da kwanan watan tsaro ta waya kafin ya ba da kuɗi. Ki ƙara tara ki ga shekarar. Idan wayoyi biyu sun zo kusan kuɗi ɗaya, ki zaɓi mai sabuwar Android, ko da ɗayar ta fi ta kyan launi. Idan kuma ƙarfinki bai kai ba sai tsohuwar, babu laifi, amma ki saya da saninki, a kuma rage miki kuɗi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin gudu shi ne a sayar miki da rariya da sunan ƙwarya.

Game da sabuntawa, na san abin da yake hana mu shi ne kuɗin data da ƙarancin wuri a waya. Idan ba za ki iya yin duka ba, ki fifita uku: WhatsApp, da manhajar banki, da gyaran tsaron wayar kanta. Ki goge tsofaffin bidiyon biki da suka cika ta, ki tabbata da caji sosai, ki bari sai lokacin da datarki ta fi araha. Ƙananan manhajoji daga Play Store kawai za ki sabunta su, babbar kuma daga cikin saitin wayar. Duk saƙon da ya zo miki da wurin latsawa, aka ce ki taɓa nan ki samu sabon WhatsApp, ki goge shi. Haka kuma duk wanda ya kira ki ya ce za a sabunta miki, ki karanto masa lamba shida da aka turo ta saƙo, ɓarawo ne. Waɗannan lambobi shida mabuɗin WhatsApp ɗinki ne, ba su da alaƙa da lambar da muke magana a kai, kuma sabuntawa ba ta buƙatar ki ba kowa su.

To 'yan'uwa, a nan za mu dasa aya. Kafin ki kwanta yau, ki ɗauki wayarki ki duba abu biyun nan, lambar Android da lambar WhatsApp, ki kuma nuna wa abokiyar zamanki ko maƙwabciyarki yadda ake dubawa. Wadda ta tarar tata ta tsufa ƙwarai, kada hankalinta ya tashi. Ta fara ajiye wani abu a gefe, ta kuma rubuta lambobin masu sayen kayanta a littafi tun wayar tana aiki.